Karen da Maharbi Ya Bari

Iseyin, ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Morenike,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikana Ayinde. Haƙorin nasa ya fito, ko har yanzu yana hana ku sakat? Ni lafiyata ƙalau, kuma ina cin abinci, tunda na san tambayar da za ki fara yi ke nan. Maganin ƙarin jinin da kika aiko ya iso, na gode.

Gyara zama ki ji: uwarki ta yi kare. Kin tuna Baba Ogundiran maharbi, na bayan cocinmu, wanda yake kawo wa marigayi babanki naman daji? Ya rasu watan jiya. 'Ya'yansa suka zo daga birni, aka ci aka sha, suka kulle gida suka koma, suka bar karensa ɗaure a gindin lemo. Ina dawowa daga coci na tarar da masu sayen karnukan nan sun tsaya da babur da kejinsu, suna taya shi a hannun wani ɗan'uwan mamacin. Kin san inda irin wannan tafiyar take ƙarewa, a tukunya. Karen bai yi haushi ba, bai ja igiya ba, ƙofar da aka kulle kawai yake kallo. Ban san sa'ad da bakina ya ce ni zan ɗauka ba.

Sunansa Suru. Ja ne, kunne ɗaya a yage, daga bakin titi ma za ki hango haƙarƙarinsa. Iya Sikira maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce sauran zawarawa miji suke samowa, ni kuwa na samo mai ƙafa huɗu. Na ce mata ko ba komai nawa ba ya minshari irin nata.

Abu ɗaya ke damuna, ba ya ci. Na zuba masa a kwano, ya shinshina ya koma ƙarƙashin bencin babanki ya kwanta. Wataƙila baƙunta ce.

Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan Ayinde.

Mahaifiyarki,
Ashake

Iseyin, ranar Alhamis

'Yata Morenike,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya zafin Legas? Saƙonki ya same ni, har da faɗan da ke ciki. Kin ce in ba da karen in tattaro in dawo wurinku. Na ji, amma ba yanzu ba.

Suru har yau ruwa kawai yake sha, sai ɗan abin da yake tsinta a bola idan ya ga ba na kallo. Babu abin da ban gwada ba. Na sayo masa tuwon amala a wurin mai abinci, na sayo ƙashi a mahauta, har kifin da kika aiko min na ɓare masa. Iya Sikira ta ce ko mai gari ba a yi masa wannan hidimar. Likitan dabbobi ya zo ya duba shi, ya yi masa allura, ya ce ba ciwo a jikinsa, amma in aka ci gaba a haka ba zai kai ƙarshen damina ba.

Kullum da safe yakan ja jiki ya tafi tsohon gidansu, ya zauna a ƙofa, sai na je na taho da shi. Jiya a hanya ƙafafunsa na baya suka ƙi, dole na ɗauke shi a kafaɗa kamar ɗan akuya, masu saƙa a bakin layi suna ta yi min dariya. Ba shi da nauyi ko kaɗan, Morenike. Na ji haushinsa, na zage shi, daga baya kuma na yi kuka. Na riga na zauna na ga babanki yana ƙarewa a gidan nan, kwano a hannuna yana kau da kai. Ba na so in sake gani, ko da a kan kare ne.

An ce in nemi Baba Odewale, abokin farautar Ogundiran. Na aika masa.

Ki yi mana addu'a, ni da wannan mai taurin kan.

Mahaifiyarki,
Ashake

Iseyin, ranar Talata

Morenike 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Na ji haƙori ya fito, Allah ya raya mana.

Baba Odewale ya zo, tsoho tukuf da sanda. Suru na ganinsa ya kaɗa wutsiya, karo na farko da na gani. Tsohon bai ko taɓa shi ba. Ya dubi kwanon da na ajiye a bayan ɗaki, ya zagaya ya dubi murhuna, ya sa sanda ya tona tokar da ta daskare. Sannan ya dube ni ya ce, “Iya Morenike, ke a ina kike ci?”

Na ce ina ci mana. Ya ce ba wannan ya tambaya ba. Ya ce su ba sa zuba wa karen farauta a kwano su tafi. Tun yana ɗan kwikwiyo ake hora shi kada ya taɓa nama sai maigida ya zauna ya ci, ya gutsuro daga nasa ya jefa masa, in ba haka ba duk abin da aka harbo a daji a cikinsa zai ƙare. Ogundiran kuwa ya fi kowa tsanani a wannan.

“Karen nan ba ƙin abincinki yake ba,” in ji shi. “Jiranki yake.”

To, 'yata, tunda magana ta zo nan, bari in faɗa miki gaskiya. Tun da aka binne babanki ban hura wutar nan don kaina ba. Garin kwaki nake jiƙawa in sha a tsaye, wani lokaci biredi a kan hanya. Na gwada tuƙi sau ɗaya, da na kwashe sai na ga malmala biyu, tawa da tasa. Hannuna bai san amalar mutum ɗaya ba. Na rufe tukunya, ban sake ba.

Da tsohon ya tafi na kwashe toka, na ɗora ruwa, na tuƙa amala, ta sake fitowa malmala biyu, na kaɗa miyar ayoyo. Iya Sikira ta ga hayaƙi ta leƙo, amma wannan karon daddawa ta miƙo min ta katanga. Na shimfiɗa tabarma kusa da benci na zauna. Na kai lomar farko baki. Suru ya fito ya zauna a gabana, yana bin hannuna da ido. Na ci ta biyu, na gutsuro na jefa masa, ya cafe tun ba ta kai ƙasa ba. Haka muka yi ta yi, ni loma shi loma, har muka ga bayan malmala biyun nan.

Yana zuwa tsohon gidan har yanzu, amma da ƙafarsa yake dawowa, kuma in na yi jinkirin ɗora tukunya sai ya je ya zauna a bakin murhu ya zuba min ido. Ki bar sayen maganin ƙarin jini. In za ki aiko da wani abu, garin amala ya kusa ƙarewa, kuma na mutum biyu nake tuƙawa.

Allah ya yi miki albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Ashake