Buhu Sittin Masu Jan Zare

Zuwa ga Manajan kamfanin ajiyar hatsi da bayar da kaya bashi, reshen Dutsin-Ma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Allah Ya sa haka, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Mannir, mutumin Ɗantutture a ƙaramar hukumar Kurfi. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare kafin na yi ritaya. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau ukun ana ce mini kana taro a Katsina, har mai gadinku ya fara ajiye mini benci a inuwa. Shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah Ya sa wani ya karanta ya kai maka labari. An ba ni takarda cewa ranar Laraba mai zuwa, ranar kasuwa, za ku yi gwanjon masara buhu ɗari da ashirin da ke sitonku da sunana. Rabin masarar nan ba tawa ba ce. Ta marayu ce.

Na farko, bari ka ji asalinta. Ƙanena Sada ya rasu ya bar matarsa Hajara da 'ya'ya uku. Da aka raba gado a gaban liman da mai unguwa, yaran suka tashi da shanu bakwai, aka damƙa mini amanarsu har su girma. Ba a daɗe ba ɓarayin daji suka kore garken maƙwabcinmu kaf, ko ɗan maraƙi ba su bar masa ba. A wajenmu ajiye saniya ya zama kamar kiran ɓarawo da sunansa. Na sayar da shanun a kasuwarku ta Laraba, Hajara tana kuka, ni ma ban ji daɗi ba, don Sada da hannunsa ya yi kiwon su.

Kuɗin kuma ba su ajiyu ba. Ka tuna lokacin: abin da ka saya da safe, da yamma ya tashi. Kuɗi a ajiye suna narkewa kamar gishiri a damina. Na nemi shawarar liman, ya ce mai riƙon dukiyar maraya ya kamata ya juya ta, kada ya bar ta tana ƙarewa a zaune. Kuma tun ina yaro na san abu guda: hatsin da aka saya da kaka, da bazara ya fi haka daraja. Kakanninmu a kan wannan suka rayu. Sai na sayi masara buhu sittin da kuɗin shanun, na kawo sitonku, domin rumbun gida ba ya da tsaro a irin wannan zamani.

Kafin 'yan dako su ɗora ta a mota, na sayi jan zare na zauna da basilla na ɗinke bakin kowane buhu da kaina. Mahaifinmu haka yake yi da kayan amana, ba ya yarda su haɗu da nasa ko da kuskure. Akawunku ya ga zaren ya yi dariya, ya tambaye ni ko masarar za ta biki ne. Na gaya masa ta marayu ce, na gaya masa sunayensu. Ya sa aka jera su a kusurwa guda.

Na biyu, laifina, don ba zan ɓoye shi ba. A ranar ne wani jami'inku ya zaunar da ni, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya ce duk wanda ya ajiye buhu ɗaya, kamfani zai ba shi wani buhun bashi, ya biya da bazara da 'yar riba a sama. Ya buga lissafi a wayarsa ya nuna mini. Ni kuwa fanshona ba ya kai ni tsakiyar wata, ga rufin ɗakin iyalina yana yoyo. Kwaɗayi ya ja ni. Na karɓi buhu sittin da sunana, a farashin wancan lokaci, na sa hannu. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana gaya wa yara su karanta tambaya har ƙarshe kafin su amsa, shi ne bai karanta shafin ƙarshe ba. A can aka rubuta cewa duk kayan da ke ƙarƙashin sunana jingina ne ga bashin. Wannan kunyar tawa ce, kuma na ɗauke ta.

Amma jami'in naku ya san na marayu ne. A gabansa na faɗa, buhunan kuma suna bayansa da jan zarensu. Da ya ce mini, Malam, waɗancan ma za su shiga jingina, wallahi da na ajiye masa biron na tafi.

Na uku, abin da kasuwa ta yi. Azumi ya zo, farashi bai tashi ba. Muka ce sai bazara. Bazara ta zo, sai ma ya fara gangarowa. Kowace Laraba in hau mota in zo in tsaya wajen dillalai, kowace Laraba a gaya mini abin da ya gaza na makon jiya. Masu saye suka noƙe, kowa yana cewa gobe za ta fi sauƙi, kuma gaskiyarsu. Masu bashi irina suka riƙa fito da kaya don su rufa wa kansu asiri, kayan suka ƙara danne farashin. Yau sai ka sayar da buhu biyu kafin ka haɗa kuɗin da na sayi ɗaya. Bashin kuwa yana nan inda yake, ko sisi bai ragu ba, ga kuɗin ajiya da na maganin ƙwari suna hawa kansa duk wata. Don haka akawunku ya nuna mini cewa sai an sayar da buhu ɗari da ashirin ɗin gaba ɗaya kafin a biya kuɗin sittin. Na duba lissafinsa sau biyu, ban sami kuskure ba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba na baƙin ciki da sauƙin abinci. Ni ma da tiya nake auna wa gidana, kuma na ga gidajen da ba a ɗora tukunya kullum sun koma ɗorawa. Alhamdu lillahi a kan wannan. Abin da nake cewa shi ne, da farashi ya tashi, da ni da ku za mu ci riba tare. Da ya faɗi, ku kuna tsaye a kan kuɗinku, asarar duka ta gangaro kan yara uku da ba su san an yi cinikin ba.

Na huɗu, wannan ya shafe ku ku ma. Ba ni kaɗai aka ba takarda ba. A kan bencin mai gadinku na haɗu da wani tsohon ma'aikacin jami'a da ya zuba kuɗin sallamarsa a dawa, da wata Hajiya da ta sa kuɗin adashin matan unguwarsu a wake. In kuka zube kayanmu duka a kasuwa rana ɗaya, dillalai za su taya yadda suka ga dama, ku ma ba za ku fitar da kuɗinku ba. Bayan haka ga kaka tana tafe. Wa zai sake sayen hatsi ya ajiye? Masu ɗan jari sun ƙone, sun tsorata. Manomi zai kawo amfanin da ya noma da taki mai tsada ya rasa mai ɗauka. Na san mutane a Ɗantutture da suka rage gonar masara bana saboda wannan. Sitonku da jarin irinmu yake cika, kuma ban ga wanda zai cika shi baɗi ba.

Saboda haka ga roƙona.

A ware buhu sittin masu jan zare a cire su daga gwanjon. Na je sito makon jiya na tarar an cakuɗa su da sauran kaya, akawu ya ce a takarda duk ɗaya ne. A takarda ne kawai. Zaren yana nan, kowa zai gan shi.

A sayar da sittin ɗin da na karɓa bashi, ba ni da ja. Abin da ya rage a kaina, ga fadamata a bakin dam ɗin Zobe, gadona ne daga mahaifinmu, da injin ban ruwan da ke cikinta. Ku riƙe ta jingina a madadin kayan yaran, in riƙa biya daga tumatir da albasar rani har in gama. In kuma ba ku yarda da jira ba, ku sayar da ita. Zan iya kallon 'ya'yana in ce musu na batar da fadamar kakansu. Ba zan iya kallon 'ya'yan Sada ba.

Sannan a sa jami'anku su riƙa karanta wa mutane shafin ƙarshe da Hausa, da murya a sama, kafin a kawo ruwan sanyi.

Ranka ya daɗe, Hajara ba ta san buhu ba, ba ta san farashi ba, masarar ma shanu take kiran ta. Har yau duk ranar da na shiga gaishe ta, tambayarta ɗaya ce: "Malam, shanun ɗiyan nan suna nan lafiya?" Wata da watanni ina ce mata suna nan. Jiya na kasa, na zauna na gaya mata komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta ce ranar Laraba tare za mu zo.

To za mu zo, ni da ita da liman da mai unguwa, waɗanda a gabansu aka damƙa mini amanar. Ba za mu yi hayaniya ba, ba za mu tare wa kowa hanya ba. Za mu tsaya a ƙofar sito, duk buhun da aka fito da shi mai jan zare in ƙirga shi da ƙarfi, domin wanda zai saya ya san na waye yake saye. Ina fatan ba za ka bari in fara ƙirgar ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama aikinka lafiya. Allah Ya raya maka 'ya'yanka a gaban idonka, kada Ya bar su a hannun mai riƙo irina.

Wassalam.

Malam Mannir,
tsohon malamin firamare, Ɗantutture.