Kiɗan da Muka Datse wa Wutsiya

Litinin, 3 ga Maris
Saura gyara kaɗan mu gama sabuwar waƙar. Abokin kiɗana Nirajan ya ce ƙungiyarmu ba ta taɓa yin kiɗan rok mai nauyin wannan ba, yau dai bai yi ƙarya ba. Jitarsa kamar ana jan ƙofar ƙarfe a kan siminti, tawa mai kaurin murya tana bi ta ƙasa. Ni na rubuta baitocin, a kan Baba ne. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye bara, magana ta ɗauke. Mutumin da duk mai buga gangar dhime a unguwarmu ta Patan ta hannunsa ya bi, yanzu sai ido.

A ƙarƙashin komai mun shimfiɗa gangarsa. Tsohon ɗauka ne a wayata, ranar da yake buɗe wa ɗalibansa darasi. So nake duniya ta ji shi.

Alhamis, 6 ga Maris
Kiɗan Baba ya ƙi zama cikin awon waƙar, yana da wata wutsiya da ke zarcewa. Nirajan ya ce, "Ramita, tsohon naki bai iya lissafi ba ne?" Na ce shi da ya iya, me ya hana shi cin jarrabawa? Muka yi dariya, ya datse wutsiyar, ya sa gaban yana ta maimaita kansa har ƙarshe. Ya yi daɗi ƙwarai. Ban ga aibu ba. Ina zan gani? Da ina ƙarama Baba ba ya koya wa mata, leƙe kawai nake ta taga.

Juma'a, 14 ga Maris
Waƙar ta fita.

Lahadi, 16 ga Maris
Na kunna wa Baba. Bai ko ƙifta ido ba. Da ta ƙare sai hannunsa na hagu ya ɗaga, ya bubbuga katakon gado, ya faɗi. Na ce tafi yake min! Na fita tsakar gida na sha kuka. Mama ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Laraba, 19 ga Maris
Kawu Hirakaji ya zo, ko shayin da na kawo bai taɓa ba. Tare suka koyi ganga da Baba. Ya ce wanda muka ɗauka kiɗan kiran wani abin bauta ne mai suna Nasa, ubangijin makaɗa, da shi ake buɗe komai. Gaban kiɗan kira ne, wutsiyar kuma da ita ake karɓarsa.

"Ke 'yar nan, kin taɓa ƙwala wa babba kira, ya juyo, ki yi gum? To haka kuka yi ta yi daga farkon waƙa har ƙarshe."

Na ce ai Baba ya tafa. Ya dube ni kamar zai mare ni, sai kuma na ga tausayina ya kama shi.

"Tafi? Ubanki bai taɓa barin kiɗan nan a rataye ba tunda yake. Ƙarasawa yake yi."

Kunya kamar in nitse.

Asabar, 22 ga Maris
Waƙar ta kama, abin da muka shekara muna roƙo. Mai aski, mai sayar da ƙullin naman momo, samari a kan babura. Don su girmama Baba har juyo da lasifika suke wajen tagarsa. Duk sanda ta ƙare sai hannun nan ya tashi. Ko barci yake sai ya farka ya ƙarasa. Yau wuyan hannun ya kumbura, abinci ma ya kau da kai. Mama ta rufe tagogi, ta toshe da bargo. Yana ji.

Talata, 25 ga Maris
Nirajan ya sauke ta daga shafinmu, bai yi musu ba, jikinsa ya yi sanyi. Amfanin me? Tana cikin wayar kowa. Mun saki wata da wutsiyarta cikakkiya, ba mai kunnawa, wai ta farko ta fi armashi.

Na roƙi mai aski. "Haba 'yar malam, alfahari fa muke da shi!" Da na yi masa bayani ya kashe, har da kama kunne. Ban kai ƙofar gida ba wata motar haya ta tsaya da ita a bakin layi. Wa zan roƙa kuma? Garin duka?

Laraba, 2 ga Afrilu
Likita ya ce a bar shi ya huta. Na kusa yin dariya.

Alhamis, 3 ga Afrilu
Baba ya rame. Na rubuta waƙa don a ji shi, ga shi tana cinye shi a gabana. Na tsane ta, kuma har yanzu in na ji ta tsigar jikina tashi take. Ban san yadda zan yi ba.

Asabar, 5 ga Afrilu
Ina ba Baba miyar wake da rana, sai ga waƙar daga saman benen maƙwabta. Ta ƙare. Hannun ya yi yunƙurin tashi, ya kasa barin katifa, idonsa ya cika. Ban yi shawara da kaina ba, na kife wani faranti a cinyata na buga masa wutsiyar. Na ji ta a katakon gadon nan har ta zauna min.

Na kuskure a tsakiya. Ya harare ni, irin hararar da yake wa ɗalibansa, ya danna min yatsa a gwiwa daidai inda na tsallake. Na sake. Ya lumshe ido, ya buɗe baki na ci gaba da ba shi miya.

Na gaya wa Nirajan su nemi wani ya riƙe min jita a wasan da za mu yi a garin Pokhara. Dole wani ya kasance a gida in waƙar ta tashi, shi ke nan, ba wai koyo nake ba. Mama ta tambaya ko a sauko min da gangar daga ɗakin sama. Na ce faranti ya ishe ni. Yau dai.