Makin da Ya Zame Layi Ɗaya

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Inna. Yaya ƙafar? Allah ya sa kana shan maganin ba sai an yi rigima da kai ba.

Ka tambaye ni labarin ajina. Baba, ba ni da aji yanzu. Tun da shugaban makaranta ya gano na iya kwamfuta, ya mayar da ni wani ɗan ɗaki a bayan ofishinsa. Tebur ne, da kwamfuta, da taga mai kallon katanga.

Rahoton ɗalibai nake haɗawa. Ka tuna yadda kake jan layi da rula a rijista, kana rubuta ɗaya, biyu, uku da hannunka? Ni samfuri guda na tsara, mai gurbin lamba da na suna da na maki. Sunayen suna cikin wani babban jadawali daban. Da na danna, samfurin ya ɗebo su, ya jera su bisa haruffa, ya ba kowa lamba da kansa. Aikin mako biyu ya koma minti biyar, na kuma yi murna ƙwarai. Sai dai sauran yinin a zaune nake, ina jiyo yara ta bango suna maimaita karatu. Malamai ba sa shigowa. A kan taga suke ajiye mini takardu, su ce a gaida Malama Kwamfuta, su wuce.

A gaida Inna da kyau.

'Yarka, Auta

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi.

Na yi kuskure, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa. Akwai wata yarinya da na koyar bara, muna kiranta Sarkin Tambaya, don ba a gama darasi ba ta ɗaga hannu sau biyar ba. Jiya na buga sakamakon ajinsu, sai na ga ta ci goma sha huɗu a lissafi, an kuma sa ta cikin masu maimaita aji. Jibi za a raba wa iyaye takardun.

Zuciyata ta ƙi yarda, sai na bi diddigi. Ashe malamin lissafi ba ya rubuta suna. Lamba da maki kawai yake turowa, daga jerin da na ba shi a farkon zango. A tsakiyar zango kuwa an cire wata yarinya, lamba ta goma sha ɗaya, iyayenta sun yi ƙaura. Samfurina bai bar gurbinta ba, ya sake ƙirga daga sama, duk na ƙasa suka matso. Sarkin Tambaya ta tashi daga sha uku ta koma sha biyu, ta ɗauki makin wata. Yara talatin abin ya shafa.

Kai in ɗalibi ya tafi, layi kake ja a kan sunansa, lambarsa ta zauna har ƙarshen shekara. Ni ban yi wannan tunanin ba. Ina iya gyarawa shiru, amma malamai uku ne ke aiki da tsohon jerin, dole su sani. Gobe zan shiga wurin shugaba. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka, Auta

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da addu'a.

An gyara. Yanzu kowane yaro yana da lamba tasa ta dindindin a cikin babban jadawalin, samfurin ɗauko ta yake yi, ba ya ƙirƙira. Yarinyar ta ci tamanin da shida, ta wuce aji na gaba. Ba ta san komai ba, gara haka.

Shugaba bai yi faɗa ba, yabona ma ya yi. Na samu ƙarfin hali na roƙe shi ya ba ni ko darasi ɗaya a mako. Na gaya masa ba kwamfuta ce ta gano kuskuren ba, sanin yarinyar ne. Ya yi dariya, ya ce aji kowa zai iya riƙewa, ofishin nan kuwa sai ni.

Yau aka kawo sunayen sababbin ɗalibai, su arba'in da biyu. Na jera su, lambobin sun fito tsaf. Ban san fuskar ko ɗaya ba. In wata ta zame, Baba, ba zan gane ba.

Don haka daga Litinin zan riƙa tsayawa a bakin ƙofar makaranta da safe, da jerin a hannuna. Wannan ba sai na nemi izini ba. Ka rubuto mini yadda kake haddace fuska arba'in cikin mako guda, don ban taɓa tambayarka ba.

Ka gaida Inna, ka ce ina kewar surutunta. Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka, Auta