Haƙori ɗaya ne babu a bakin karen ogana

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san zagi zai yi saboda ya ji an ambaci kare, ya wuce kawai, na sha irinsa har na ƙoshi.

Ni ɗan Kano ne, ina Dubai shekara takwas. Gadi na fara yi a wani sito a Jebel Ali, aka haɗa ni da karnukan tsaro, tun ina tsoronsu har na zo na fi kowa iya su. Daga nan wani mai kiwon manyan karnukan nan baƙaƙe, Rottweiler, ya ɗauke ni aiki, shi ne ogana yanzu kuma bizata a hannunsa take. Akwai wata tsohuwar Baturiya da muke kira Madam, tana alƙalanci a gasar karnuka, ita ta lura ina da ido, ta riƙa tsayar da ni kusa da ita a fili tana koya min yadda ake duba ƙirji, da tsayuwar ƙafa, da tafiya, da baki. Shekara uku ina riƙe mata takarda a cikin rana. Bana ta tsaya min a kulob ɗinmu aka ba ni alƙalancin ajin Rottweiler, ranar Asabar mai zuwa, karo na farko a rayuwata.

To ga inda matsalar take. A ƙa'ida alƙali ba ya duba karen da shi yake kula da shi. Oga ya sani sarai, sai ya je ya mayar da takardun babban karenmu da sunan abokinsa, ya samo wani wanda zai riƙe shi a fili, ya saka shi a ajina. Ni ban sani ba sai da na ga jerin sunaye. Kare ne mai kyau wallahi, duk wanda ya gan shi sai ya sake kallo, amma akwai ƙaramin haƙori ɗaya a bayan fiƙarsa ta ƙasa da tun asali bai fito ba. Irin wannan kare haƙori arba'in da biyu ake nema, ɗaya ya rasa an fitar da shi. Kuma in ya ci gasar, mutane za su yi ta kawo matan karnukansu barbara, giɓin ya bi 'ya'yan.

Na samu oga na faɗa masa ba zan iya ba, ya yi dariya ya ce ai abin da sauƙi, kada na buɗe bakin da hannuna, na bar mai riƙon ya ɗaga leɓe ta gaba kawai na leƙa na wuce. Na ce Madam za ta zauna a gefen fili, ta san ban taɓa duba kare ban ƙirga haƙoransa da yatsana ba. Abin da ya ce min shi ne har yanzu yake ci min rai.

"Habibi, kai Musulmi ne, ka ce ba ka son yawun kare. Wa zai yi maka musu? Khalas, shi ke nan."

Ku ji fa. Shekara takwas ina wanke hannu, ina canza kaya kafin kowace sallah, ban taɓa fakewa da addini na gudu daga aiki ba, yau shi ake so na ɗauko na rufe ƙarya da shi. Na yi fushi na ɗaga murya, shi kuma ya tuna min a hankali cewa bizata saura wata biyu a sabunta.

Na je unguwar Naif wajen yayana da yake harkar kago, wato aika kaya gida, ina zaton zai fahimce ni. Yana ɗaure kwali ko ɗagowa bai yi ba, ya ce a kan haƙorin kare zan mayar da matata da yara gida, wai mutanen da suke gasar ma ba su da aikin yi ne. Shi a wajensa wasa ne, ni kuma shi ne abu ɗaya da na iya wanda ake kirana da sunana a kansa.

Na yi tunanin na ce ba ni da lafiya ranar, amma oga zai gane, kuma Madam ba za ta ƙara tsaya min ba. In na faɗa mata gaskiya za a dakatar da shi daga kulob, ni kuma na san jirgi zan hau. In na bi maganarsa ma ban tsira ba, don karen nan a hannuna ya girma, da ya hango ni sai ya fara kaɗa jiki yana jan igiya, duk fili za su gani.

Ya zan yi? Na je wajen Madam kafin Asabar, ko na shiga fili na buɗe bakin nan na ƙirga a gaban oga? Masu iyali a ƙasar mutane, ku nake so ku amsa min.