'Yata Za Ta Sauke Ɗan Aminina

Assalamu alaikum Malama Tani. Ki agaza mini, kwana biyu na rasa sukuni. Ni marini ne, bokona ya tsaya a aji huɗu, shi ma malaman ne suka riga ni gajiya. Sai Allah ya ba ni 'ya, Bintu, mai ilimin kwamfuta. Akwai wani shiri nasu da ake rubuta manhaja a bainar jama'a, kowa ya ɗauka kyauta, gwanaye suna koyar da sababbin shiga. Ita ce mai kula da shirin, ta haɗa ɗalibi da malami, ta kuma bi sawunsu.

To, Muttaka, ɗan aminina Alhaji Nata'ala, yana cikin malaman. Ya samu aiki a Abuja, ya daina duba aikin ɗalibinsa Isyaku, ko saƙo ba ya amsawa. In lokacin tantancewa ya zo a haka, Isyaku ya faɗi. Bintu ta ce za ta sauya malami, su kuma komai a fili suke rubuta shi, duniya ta karanta. Ni da Nata'ala tun mulkin soja muke ciyayya a ƙofar gidansa, farar hula suka dawo suka same mu a tabarma ɗaya. Da wane ido zan sa hannu a kwanonsa? Na roƙe ta ta riƙa koyar da Isyaku a ɓoye, a bar sunan Muttaka. Yanzu ta unguwar Sheshe nake zagayawa, ƙato da ni, don kada mu haɗu da Alhaji.

Mai Shuɗin Hannu, Ƙofar Mata

Wa alaikumus salam Baba. Karar da kake wa amininka abin yabo ce, amma Isyaku ma ɗan wani ne, kuma amanarsa aka damƙa wa Bintu. In ta rufa wa Muttaka asiri, baɗi a sake ba shi wani ɗalibin ya yasar, ita kuma a daina yarda da maganarta.

Sai dai ba dole a kunyata shi ba. Bintu ta kira shi tukuna, ta ba shi dama ya rubuta da kansa cewa aiki ya yi masa yawa, ya sauka. In ya ƙi, ta yi aikinta, kai kuma kada ka tare ta.

Naka aikin shi ne yau bayan magariba ka ɗauki kwanonka ka bi hanyar da ka saba, Alhaji ya ji zancen daga bakinka. Wataƙila shi ma yana can yana tunanin laifin da ya yi maka. Allah ya bar zumunci, ya yi wa Bintu albarka.