A Bar Baba da Likitansa

Alhamis, 22 ga Maris, 2001

An rufe hanyoyin ƙauyenmu saboda ciwon baki da kofato. Ba saniyar da za ta fita, ba mai shigowa gona sai ya tsoma takalmi a bokitin magani. Shanunmu lafiyarsu ƙalau. Baba ne ba lafiya. Ciwon daji ne, ya gama da ƙashin bayansa, yanzu ya hau haƙarƙari. Yau ina juya shi ya gantsara min cizo a hannu har jini, mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Dirkje, wa ya ji miki ciwo?" Na ce ƙofa ce.

Lahadi, 25 ga Maris

Yaya Evert ya dawo daga coci yana huci. Shi dattijon coci ne, komai fasto ya faɗa sai ya maimaita mana a kan tebur har dankali ya huce. Wai 'yan majalisa a Den Haag, mazaunin gwamnatin ƙasarmu Holland, sun kusa zartar da dokar nan, likita ya yi wa majinyaci allurar mutuwa in shi ya roƙa. Yau kam ban gaji da sauraronsa ba. Rai na Ubangiji ne, wanda ya ba da shi ne zai karɓa. Na ce ya sa sunana cikin masu zuwa zanga-zangar ƙin dokar.

Laraba, 28 ga Maris

Dokta Brinkhuis ya zo. A wajenmu ba a barin majinyaci shi kaɗai da likita, babban ɗa ke zama a gefen gado ya amsa masa. Haka Baba ya yi wa kakanmu, haka Evert ke yi.

Likita ya ce, "Baba Teunis, akwai abin da kake so ka gaya min?"

Evert ya ce, "Yana hannun Ubangiji, likita. Mun gode."

Baba ya buɗe baki, ya kalli Evert, ya rufe.

A bakin ƙofa likitan ya ce min maganin rage raɗaɗin ya kusa kai iyakarsa, kuma yana so ya ji ta bakin Baba, ba ta bakin ɗansa ba. Raina ya ɓaci. Na ce masa, "In wanda za ka kashe kake nema, ka yi ɓatan hanya." Na rufe ƙofa da ƙarfi a fuskarsa.

Asabar, 31 ga Maris

Takarda ta zo daga gwamnati. Duk shanun yankin nan za a kashe, masu ciwo da marasa ciwo.

Talata, 3 ga Afrilu

Ihun Baba har garke ake ji. Na fasa kofi biyu yau, ɗaya da gangan.

Asabar, 7 ga Afrilu

Masu kashe shanun sun zo. Maza sun tare hanya da tarakta, sun cinna wa damman ciyawa wuta. 'Yan sanda suka yi musu ruwan kulki, suka saki karnuka. Na ga maƙwabcinmu kwance a kwalta, jini na zuba daga kunnensa, yana ta zagi. Ni ma na yi jifa, mace mai shekara arba'in da ɗoriya, sanye da siket, kuma na sami wani ɗan sanda a kafaɗa. Ban yi nadama ba.

Bai hana komai ba. Mutane cikin fararen kaya suka shiga garkenmu. Ƙarar harbin ba ta da ƙarfi, faɗuwar saniyar ce ake ji har a ƙirji. Wani inji ya riƙa ɗaga su ta ƙafa yana jefawa a babbar mota kamar buhunan taki. Har da masu ciki.

Gadon Baba na jikin taga, komai a kan idonsa. Na shiga zan ja labule ya riƙe min hannu. "Bar shi. Dubi hankalin gwamnati, 'yar nan. Sun karkashe masu lafiya, sun bar mai ciwon." Ya yi dariya har ta koma masa kuka.

Litinin, 9 ga Afrilu

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi na shigo daga shanya na tarar gado ba kowa. Baba ya ja ciki tun daga ɗakinsa har gindin kabad ɗin da bindigar farauta take. Mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa. Gwiwoyinsa sun saluɓe, ya ɓata jikinsa, yana ta kai hannu sama bai kai ba. Evert ya shigo ya ɗauke shi cak, Baba na dukan ƙirjinsa yana cewa, "Sake ni, ɗan banza, ni na haife ka." Evert ya kwantar da shi ya ɗaure masa hannu biyu a ƙarfen gado da igiyar maruƙa. Ya ce don kada ya kashe kansa ya shiga wuta.

Sannan ya buɗe Zabura ya hau karatu da ƙarfi don ya danne ihun.

Ni na riƙe ƙafafun lokacin da ake ɗaurin. Ni.

Talata, 10 ga Afrilu

Motar zanga-zanga ta tafi Den Haag ba da ni ba. Na ce kaina ke ciwo. Da yamma aka ce dokar ta wuce. Evert ya ce ƙasar nan ta sayar da kanta ga Shaiɗan.

Ina shafa wa Baba mai a inda igiya ta ci, ya ce a hankali, "Dirkje, ban ce ki kashe ni ba. Ki bar ni in yi magana da likita kamar mutum. Shi kenan." Na ce, "Baba, zunubi ne." Ya ce, "To nawa ne ko naki?"

Na ci gaba da shafa man. Na ji na tsane shi, na tsani Evert, na tsani kaina.

Laraba, 11 ga Afrilu

Motar likita na shigowa na ce wa Evert famfon garke ya fashe, ruwa na ambaliya. Evert na shiga garken na ja ƙofar na zura sakata.

"Dirkje, wane iskanci ne wannan? Buɗe."

"Ba zan buɗe ba, Yaya."

"Kin san abin da kike yi? Ubanki za ki miƙa wa mahauci."

"Magana kawai za su yi."

Ya yi ta dukan ƙofa da kafaɗa har katako ya tsage, ya zuro hannu zai zare sakatar. Na ɗauki ƙotar shebur na maka masa. Na ji ƙarar ƙashi. Ya kira ni da sunan da ba zan rubuta ba, sannan na ji yana kuka a cikin garken da ba kowa. Wallahi na so in buɗe. Na jingina bayana da ƙofar na zauna a ƙasa har likita ya fito.

Ban tambaye shi abin da Baba ya ce ba. Likitan ya ce dole wani likita daban ya zo ya ji da kansa. Ya kwance igiyar, ya miƙo min ita ba tare da ya kalle ni ba, sannan ya je ya ɗaure wa Evert yatsu.

Talata, 17 ga Afrilu

Evert ya kwashe kayansa ya koma gidan surukansa. Ranar Ista ba wanda ya gaishe ni a coci.

Likita na biyu ya zo jiya, ya daɗe a ciki. Sun tsayar da Jumma'a don allurar.

Ban canza ra'ayi ba. In aka tambaye ni gobe zan ce dokar nan ba daidai ba ce. Sai dai Baba ya sha miya rabin kwano yau, ya yi barci bakinsa a buɗe. Da ya farka ya ce in aske masa gemu. Ina askin ya ce, "Za ki zauna a ɗakin?"

Na ce, "Baba, ka san ban yarda da abin nan ba."

Ya ce, "Ba ita na tambaye ki ba."

Na ce zan duba in ba aiki ranar.

Ba aiki. Ko saniya ɗaya ba mu da ita.