Takalmin Lefena da Maganar Giɓin Ciniki

Zuwa ga Malamin tattalin arziki da ya yi bayani a rediyo ranar Lahadi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya iyali?

Ina kwance ina karanta littafin soyayya na ji ka ce ba lallai ne ƙasa ta cutu ba don ta daɗe tana sayen kayan waje fiye da yadda take sayar da nata. Sai na kife littafin, ga shi kuwa saurayin ya kusa faɗin abin da ke ransa.

Na farko, ina da ƙorafi. Mijina Kabiru baduku ne a nan Daura. Da zai haɗa lefena, da hannunsa ya ɗinka mini takalmin jar fata. Ranar da aka buɗe akwatuna, Gwaggona ta juya takalmin tana neman tambarin ƙasar waje. Da ba ta gani ba, sai ta tura shi ƙarƙashin atamfofi kada 'yan kallo su gani. Fatar akuyoyinmu kuwa ɗanya ake lodinta a fita da ita, ta dawo mana takalmi a kwali da sunan da ba ma iya faɗa. Bara ciniki ya tsaya cak, har Kabiru ya fara zancen rufe rumfa ya tafi Kudu neman aiki. Ni da nake kuka kan rabuwar masoyan cikin littafi, sai ga tawa a bakin ƙofa. Wannan giɓin, Malam, har ɗakina ya shigo.

Na biyu, ba zan ƙi maka gaskiya ba. Keken ɗinkinsa daga waje ya zo, kuma shi ke ciyar da mu. Abin da zai taimaka mana mu ƙera namu, a shigo da shi.

Na uku shi ne mai daɗin. Na sa takalmin nan zuwa suna a Mai'aduwa, wata Hajiya daga Nijar ta tsare ni sai na cire ta gwada. Yanzu duk ranar kasuwa ɗanta na zuwa ya sayi buhu guda na takalman Kabiru ya ƙetara ta iyakar Kongolam. Kabiru ya fasa tafiya, har waƙa yake yi yana yankan fata. Gwaggo ma ta aiko da awon ƙafarta, wai na jikarta ne.

Roƙona, idan ka koma rediyo ka faɗa wa masu iko su duba masu jima da dukawa, a riƙa sarrafa fatar a gida. Kuma ka taka kwali a zana ƙafarka da biro ka aiko, Kabiru ya ce zai ɗinka maka. In aka tambaye ka na ina ne, ka ce na Daura.

Allah ya ƙara ilimi, ya raya zuri'a.

Wassalam.

Rumaisa'u, matar Kabiru baduku, Daura.